Ƙoƙi-ƙoƙi da Farautarsa: Tambayoyi da Amsoshi

Masu yin waɗannan tambayoyi kashi biyu ne. Akwai wanda ya tarar da ƙoƙi-ƙoƙi a lambunsa yana shawarar ko ya bar shi ko ya kore shi, akwai kuma wanda ya sa shi a keji yana kiwo ya rasa abin da zai ba shi. An fara da tambayoyi masu sauƙi, na kiwo suna can gaba.

Me ƙoƙi-ƙoƙi yake ci?

Nama, kuma mai rai. Ƙuda, fara, gyare, malam-buɗe-littafi, tsutsa, kyankyaso, ƙudan zuma, gizo-gizo, duk abincinsa ne. Manyan nau'o'insa kan wuce nan su kama ɗan ƙadangare ko ɗan kwaɗo, har da tsuntsu, kamar yadda za a gani a tambayar tsuntsaye. Ba ya cin ganye, saboda haka idan ka gan shi a kan shukarka, wani yake jira.

Masana sun ƙidaya nau'o'insa sama da 2,400 a duniya, akasarinsu a ƙasashe masu zafi. Danginsa na kusa su ne kyankyaso da gara, ko da yake mai kallonsa zai fi zaton ɗan'uwan fara ne. Sharaɗinsa a wajen abinci biyu ne kawai: abin ya motsa, kuma ya kasance daidai hannunsa. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa daga wannan sharaɗin suka samo tushe.

Yaya yake kama abin da zai ci?

Da ƙafafunsa biyu na gaba, waɗanda yake naɗewa a ƙirji kamar mai roƙo. Ka duba su da kyau idan ka samu dama. Gaɓar farko doguwa ce, ita ke ba shi tsawon miƙa. Ta biyu mai kauri ce, tana da ƙayoyi jere sahu-sahu da kwari a tsakaninsu. Ta uku ma tana da ƙayoyi da ƙugiya a ƙarshe, kuma tana rufuwa a cikin kwarin ta biyu kamar wuƙa mai naɗewa. Abin da ya faɗa tsakanin gaɓoɓin nan biyu ya shiga tarko, duk mutsu-mutsun da zai yi ƙara cusa kansa cikin ƙaya yake yi.

Kafin ya kai hannu akwai shiri. Zai juya kai ya kafa wa ƙwaron ido biyu, sannan ya juyo da ƙirjinsa a hankali har ya daidaita da inda kan yake kallo. Wani lokaci ya ɗan karkato gaba a kan ƙafafunsa huɗu na baya. Sai ka ga wuf, ƙudan da ke kan ganye ya koma bakinsa, kai kuwa ba ka ga lokacin da aka ɗauko shi ba.

Saurin cafkar tasa ya kai yaya?

Mafi saurinta ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, wato ta riga ƙiftawar ido. Da daɗewa ana ɗaukar cafkar tamkar harbin bindiga, da zarar ta tashi ba ta da gyara. A 2020 Sergio Rossoni na Jami'ar Cambridge da Jeremy Niven na Jami'ar Sussex a Ingila suka ɗauki hoton wani nau'i na Madagaska da kyamara mai saurin ɗauka, suka ga lamarin ba haka yake ba. Wata cafkar takan ƙare cikin kashi 60 cikin 1,000 na daƙiƙa, wata kuma ta ja har kashi 290, gwargwadon saurin abin da ake son kamawa. Mai gudu a bi shi da sauri, mai tafiyar hawainiya a ɗauke shi a natse. Har sun ga wanda ya tsaya a tsakiyar cafka da ya lura ya yi gaggawa, ya dakata abin ya ƙaraso, sannan ya ƙarasa.

Me ya sa ba ya kula mataccen ƙwaro, ko da yunwa yake ji?

Saboda da ido yake farauta, idonsa kuma motsi yake nema. Ajiye masa mataccen ƙuda a gabansa, zai iya wuni bai dube shi ba, a wurinsa da shi da tsakuwa duk ɗaya ne. Ɗaura wannan ƙudan a zare ka riƙa jansa, nan take za ka ga kan ya juyo. Masu bincike sun daɗe suna yaudararsa da ɗigon baƙi mai yawo a fuskar kwamfuta, yana kai masa hannu kamar ƙwaro na gaske.

Idanunsa manya biyu kowanne tarin ƙananan idanu ne dubbai, kuma suna da wani sashe a gaba da ya fi sauran kaifin gani. Gefen ido ke hango motsi, sai ya juya kai ya kawo abin cikin sashen nan mai kaifi. Kan nasa na iya juyawa kusan digiri 180, abin da ba kasafai ake samu a ƙwari ba, don haka yana iya bin abu da kallo ba tare da ya gusa ba balle ya tona asirin kansa. Akwai wasu 'yan ƙananan idanu uku a goshinsa, amma aikinsu gane haske ne. Mai kiwo da ke son ba shi abin da ba ya motsi ya duba tambayar "Me zan ba wanda nake kiwo?"

Da gaske ne an taɓa sa masa tabarau?

Da gaske ne, kuma ba don wasa ba. Mai kai hannu cikin ƙiftawar ido dole ya san nisan abin tun kafin ya motsa, in ba haka ba ya cafki iska. Mu mutane muna gane nisa ne saboda ido biyu ba sa ganin abu daga wuri ɗaya, ƙwaƙwalwa ke gwama hotunan biyu. A 1983 Samuel Rossel ya sa wa ƙoƙi-ƙoƙi gilasai masu karkatar da haske a gaban ido, sai ya riƙa kai hannu inda babu komai, daidai wurin da lissafin ido biyu zai nuna masa. Wannan ne ya tabbatar shi ma yana auna nisa ta wannan hanya.

Daga baya Jenny Read da Vivek Nityananda da abokan aikinsu a Jami'ar Newcastle suka yi wa wani nau'i na Afirka, Sphodromantis lineola, 'yan tabarau, ido ɗaya shuɗi ɗaya kore, suka manna da kakin zuma. Da su suka iya nuna wa kowane ido hotonsa daban na wani ɗigo a allon kwamfuta. Sakamakon da suka fitar a 2016 ya nuna yana kai cafka ne idan ɗigon ya bayyana kamar ya fito daga allon ya matso kusa da shi.

Abin da ya fi ban sha'awa ya zo a 2018. Mu muna gwama zanen abin da ido biyu suka gani, shi kuwa bai damu da zane ba, inda wani abu ya canja kawai yake gwamawa. Da aka rikita hotunan yadda na dama bai yi kama da na hagu ba ko kaɗan, mutanen da aka gwada sun kasa gane nisan, ƙoƙi-ƙoƙi ya gane. Ga mai farautar ƙwarin da suka saje da ganye, wannan dabara ta fi tamu amfani, kuma ƙwaƙwalwar da ke yin aikin ƙwayoyinta kimanin miliyan ɗaya ne kacal.

Duk inda na koma sai in ga yana kallona. Kuma me ya sa yake rangaji?

Ɗigon baƙin nan da kake gani a idonsa yana binka ba ƙwayar ido ba ce irin tamu. Ƙananan idanun da suke fuskantarka kai tsaye ne suke shanye haske, sai wurin ya yi baƙi. Ka koma gefe, wasu ne za su yi baƙin. Mutum uku za su tsaya a kansa, kowa ya rantse shi ake kallo. Idan dai kan gaba ɗaya ya juyo, to lallai ya lura da motsinka.

Rangajin kuwa ana ba shi dalili biyu, kuma ba sa karo da juna. Na farko, mai tafiya yana lilo gaba da baya ya fi kama da ganyen da iska ke kaɗawa. Na biyu aunawa ce: idan ya kaɗa kai dama da hagu, abin da ke kusa zai fi na nesa gilmawa a idonsa, da haka yake gane tazara. Za ka fi ganin wannan kafin ya yi tsalle daga reshe zuwa reshe, musamman ƙanana marasa fiffike.

Kullum kwanton ɓauna yake yi, ko yana bin abin farauta?

Akasarinsu 'yan kwanto ne, sai su shafe sa'o'i a wuri ɗaya ko gezau. Amma yunwa na canja hali. Ƙoshasshe ba ya kula sai abin da ya zo har gabansa, mayunwaci kuwa tun daga nesa zai hango ya fara sanɗa, taku ɗaya ya tsaya, ya sake ɗaya. Wani masani, C. S. Holling, ya auna wannan tun 1966, ya nuna tazarar da ƙoƙi-ƙoƙi ke fara bin ƙuda tana ƙaruwa gwargwadon tsawon lokacin da ya yi bai ci ba.

Akwai kuma waɗanda gudu ne sana'arsu. Nau'in Eremiaphila na hamadar arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya gajere ne mai dogayen ƙafafu, launin yashi, a ƙasa yake bin ƙwari da gudu. Liturgusa na dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu shafaffe ne kamar ɓawon itace, yana tsere a jikin kututture kamar kyankyaso.

Wanda ake cewa yana kama da fure fa, ɓuya yake yi a cikin furanni?

An daɗe ana zaton haka game da Hymenopus coronatus na dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, fari mai ratsin ruwan hoda, wanda cinyoyinsa suke da faɗi kamar ganyen fure. James O'Hanlon da abokan aikinsa sun gwada shi a Malesiya, suka wallafa a 2014. Sun ajiye shi shi kaɗai, babu fure a kusa, sai ga ƙudan zuma da sauran masu neman ruwan fure suna nufo shi, har ma fiye da yadda suke nufar furen gaske da aka ajiye don gwaji. Ashe ba ya buƙatar maɓoya, shi kansa ne furen, abinci ke kawo kansa.

Yana da dafi? Zai cije ni?

Ba shi da dafi, ba shi da ƙari. Babba zai iya maƙale maka yatsa da ƙayoyinsa ko ya ɗan gatsa idan ka matse shi ko ya ɗauki yatsan abinci ne. Iyakarta zafi kaɗan, a wanke da sabulu. Idan ya miƙe tsaye ya buɗe fiffike ya ware hannuwa, barazana ce ta mai tsoro.

Rashin dafin ne ya sa cin nasa ba ya da daɗin kallo. Gizo-gizo kan sumar da abin da ya kama, ƙoƙi-ƙoƙi kuwa riƙewa kawai yake yi ya fara ci da ransa. Sau da yawa yakan fara daga wuya ko kai, abin da ke saurin kashe mutsu-mutsun, amma ba doka ba ce, wani lokaci inda bakinsa ya fara kaiwa nan zai soma. Na taɓa zama na kalli wata babba ta cinye fara: ta riƙe ta da hannu ɗaya, ta cire ƙafar baya da ɗayan tana gaigaya daban, fiffike ya faɗo ƙasa, ƙayoyin ƙafa suka biyo. Da ta gama sai ta shiga wanka. Ta bi ƙayoyin hannunta ɗaya bayan ɗaya da baki, ta goge idanu da wani ɗan gashi da ke cikin hannun, kamar kyanwa. Wannan tsabta ba ƙawa ba ce, mai farauta da ido ba ya barin ido da datti.

Shin da gaske yana cin tsuntsaye?

Yana ci, amma ba abincinsa na kullum ba ne. A 2017 Martin Nyffeler na Jami'ar Basel a Suwizalan, tare da Mike Maxwell da James Van Remsen na Amurka, sun tattara rahotanni 147 daga ƙasashe 13, a kowace nahiya in ban da Antatika. Nau'in ƙoƙi-ƙoƙi 12 ne suka kama nau'in tsuntsu 24. Fiye da kashi 70 cikin 100 a Amurka aka gani, kuma mafi yawan waɗanda abin ya rutsa da su 'yan tsuntsayen nan ne masu shan ruwan fure suna tsaye cak a iska, waɗanda nauyin da yawansu bai wuce giram 3 zuwa 6 ba. Mutane kan rataya musu ruwan sukari a lambu, ƙoƙi-ƙoƙi ya hau wurin ya yi kwanto. Yakan damƙe kan tsuntsun ya huda, ya ci ƙwaƙwalwa.

Wani abin lura shi ne, cikin masu wannan aika-aika a Amurka har da baƙi. Babban nau'in nan na ƙasar Sin, Tenodera sinensis, an fara ganinsa kusa da Filadelfiya a 1896, daga baya aka riƙa sayar da ƙwansa ga masu lambu. Duba tambayar lambu.

Yana farauta da dare?

Da rana ya fi, amma dare ba ya hana shi gaba ɗaya. Idanun nau'o'i da yawa kan rikiɗe su yi duhu bayan faɗuwar rana don su ƙara kama haske, kuma wanda ya samu fitila ya samu kasuwa, domin ƙwari za su taru. Misali mafi ban mamaki daga jihar Karnataka ta Indiya ya fito. A 2017 an ga wani namiji, tsawonsa santimita 5.6, yana zuwa wani ɗan tafkin ado a lambun saman bene da magariba. Sai ya taka ganyen da ke kan ruwa ya jira kifi ya taso. Cikin kwana biyar ya kama 'yan kifaye tara. Roberto Battiston da abokan aikinsa ne suka wallafa labarin a 2018. Ƙwaro ɗaya ne aka gani, don haka kada a ce duka masunta ne, amma komawar da ya riƙa yi wuri ɗaya dare bayan dare ta sa ake ganin ya koyi abin ne.

Dole ne macen ta cinye namijin idan sun sadu?

Ba dole ba ne. Wannan ce maganar da ta fi yawo a kansa, kuma an ƙara mata gishiri. A nau'o'in da ke yin haka, ƙiyasin da aka yi a daji ya nuna tsakanin kashi 13 zuwa 28 cikin 100 na haɗuwa ne ke ƙarewa da cin namijin. Mafi yawan mazan kan gama su sulale. A keji abin ya fi yawa, saboda babu wurin gudu, kuma sau da yawa macen na cikin yunwa. Yunwar ita ce babban dalili: mace mai ɗauke da ƙwai tana buƙatar abinci sosai, namijin kuwa ƙarami ne, yana motsi, kuma daidai hannunta yake. Shi ya sa yake tunkararta ta baya da sanɗa, ya daskare da zarar ta juyo.

Gaskiya ne namijin da aka cinye wa kai yana iya ci gaba da barbara. Kenneth Roeder ya bayyana dalilin a 1935: jijiyoyin da ke tafiyar da aikin a cikinsa suke, waɗanda ke kai kuwa birki ne, idan aka cire kan sai aikin ya saki. Shi ma namijin ba asara zalla ya yi ba. William Brown da Katherine Barry sun ciyar da maza abinci mai alama da za a iya bin sawunta, suka nuna a 2016 cewa kayan jikin namijin da aka cinye na shiga cikin ƙwai, kuma macen da ta ci ta fi wadda ba ta ci ba yawan ƙwai.

Wasu mazan ba sa miƙa wuya. Miomantis caffra na Afirka ta Kudu, wanda ya bazu har Niyu Zilan, macensa ta yi ƙaurin suna wajen cin maza tun kafin a sadu. A 2021 Nathan Burke da Gregory Holwell sun ga namijin na kokawa da ita. Idan ya riga ta damƙa yakan samu biyan buƙata, wani lokaci har ya ji mata rauni a ciki. Idan ta riga shi, ya zama kalaci.

Ƙwai sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan suna cin junansu. Me zan yi?

Raba su. Macen kan zuba ƙwai cikin wata kumfa da ke bushewa ta yi tauri a jikin reshe, kuma kwanso ɗaya na iya fitar da 'ya'ya daga gomomi har ɗaruruwa. A daji da fitowarsu suke watsewa. A kwalba ɗaya kuwa, bayan kwana ɗaya ko biyu yunwa za ta taso, ɗan'uwa kuma abu ne mai motsi daidai hannu. Kafin ka samu wurin raba su, ka saka musu tsinke da ganye da yawa don su daina ido huɗu, ka wadata su da 'yan ƙudajen nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. Ka fesa ruwa kaɗan a bango, domin ƙishirwa ta fi yunwa saurin kashe su a wannan matakin.

Yana da amfani a lambu? In sayi ƙwansa in zuba?

Idan ka same shi, bar shi. Zai rage maka fara da tsutsa. Amma a ganina sunan da ya yi na abokin manomi ya fi aikinsa girma. Ba ya tambayar waye mai ɓarna waye mai amfani, da ƙudan zuman da ke barbarar furenka da tsutsar da ke cin ganyenka duk ɗaya ne a wurinsa, kuma kan fure ya fi son zama, inda masu amfanin suka fi zuwa. Ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganye, waɗanda su ne ciwon kan mai lambu, babban ƙoƙi-ƙoƙi ba ya ko kallonsu. Ga shi ba ya taruwa da yawa a wuri ɗaya saboda cin juna, kuma a ƙasashe masu sanyi sau ɗaya yake haihuwa a shekara, alhali masu ɓarnar na ninkuwa cikin makonni.

Sayen ƙwan nau'in da ba na yankinka ba kuwa kuskure ne. Abin da ya faru a Amurka ya isa misali: baƙon ya fi 'yan gida girma, yana cin su, yana cin tsuntsaye.

Me zan ba wanda nake kiwo?

Ka bi girmansa. Jariri sai 'yan ƙudajen 'ya'yan itace. Idan ya yi saɓa biyu ko uku ya koma ƙudan gida, daga nan manyan ƙudaje, ƙananan kyankyasai da fara. Ma'aunin da masu kiwo ke bi shi ne kada abincin ya wuce kusan sulusi zuwa rabin tsawonsa. Zai iya kama wanda ya fi haka, amma a kokawar yana iya rasa ƙafa. Nau'o'in da ke kama da fure ko busasshen ganye sun fi son masu tashi, ba sa saukowa ƙasa neman mai rarrafe.

Gyare yana da matsala biyu: yana cizo, kuma yana cin duk abin da ya samu, har da ƙoƙi-ƙoƙin da ke tsakiyar saɓa. Idan za ka ba shi, ɗaya-ɗaya, kana tsaye. Kada ka kamo ƙwari daga inda aka yi feshin magani. Ka guji rina da zanzaro da tururuwa. Wanda ya tsufa ko ya karye hannu kuwa ana iya ciyar da shi da matsefata: ka fasa ƙwaron, ka taɓa ruwan jikinsa a bakin ƙoƙi-ƙoƙin, da ya ɗanɗana zai fara ci ko ba motsi.

Sau nawa zan ba shi?

Cikinsa zai gaya maka. Idan ya shafe kamar takarda, yunwa ce. Idan ya cika har fatar da ke tsakanin gaɓoɓin cikin ta fara bayyana, dakata. Ƙanana kan ci kullum ko bayan kwana biyu, manya bayan kwana biyu zuwa uku. Babbar mace ba ta san ƙoshi ba, namijin da ya balaga kuwa ɗan kaɗan yake ci, hankalinsa na wajen neman mace. Zafi ma na da hannu, a wuri mai ɗumi ya fi saurin narkar da abinci. Cikin da ya cika fiye da kima yana iya fashewa idan ya faɗo daga sama.

Ya daina ci, yana ture abinci da hannu. Ciwo ne?

Galibi saɓa ce ke tafe. Yakan yi ta sau biyar zuwa goma kafin ya balaga, gwargwadon nau'i da jinsi. Kwana ɗaya ko biyu kafin ta zo, wani lokaci fiye, zai ƙaurace wa abinci, ya rataye kansa ƙasa ƙafa sama, ya yi shiru. Ƙuda zai zo gabansa ya doke shi kawai ba tare da ya kama ba. Da ka ga haka, kwashe duk wani ƙwaro mai rai daga kejin, ka ɗan fesa ruwa, kada ka taɓa shi kada ka girgiza kejin. Nauyin jikinsa ne ke zare shi daga tsohuwar fata, don haka yana buƙatar abin kamawa mai kaushi a sama, kamar raga, da sarari a ƙasansa. Shi ya sa ake son tsawon keji ya ninka tsawonsa sau uku.

Bayan ya fito jikinsa laushi ne, ƙayoyin ma ba su yi ƙwari ba. Ba shi aƙalla kwana ɗaya kafin abinci, babba kwana biyu. Idan ba saɓa ba ce, duba sanyi, domin wanda ya ji sanyi ba ya farauta. Macen da ke dab da zuba ƙwai ma takan ƙi ci. Wanda ya riga ya yi fiffike ya gama saɓa har abada, idan irin wannan ya daɗe sannan ya fara kuskuren cafka yana zamewa daga reshe, tsufa ne. Yawancinsu ba sa wuce shekara guda a duniya.

Yana shan ruwa? Na ga wani ya faɗa ruwa da kansa.

Yana sha, raɓa ko ɗigon da ke kan ganye, sai ya sunkuyar da kai ya tsotsa. Mai kiwo ya fesa a bango ya isa, kwanon ruwa kuwa ƙanana na nutsewa a ciki.

Wanda ya nufi kogi ko tafki ya afka ba ƙishirwa ce ta kai shi ba. Akwai wata tsutsa siririya kamar gashin wutsiyar doki da ke farawa a ruwa, ta shiga jikin ƙananan ƙwarin ruwa tun suna tsutsa. Idan suka girma suka tashi, ƙoƙi-ƙoƙi ya kama ɗaya ya ci, ta koma cikinsa ta yi girma har ta ninka shi tsawo. Da lokacin haihuwarta ya yi sai ta juya masa hali ya nemi ruwa, ta fito ta bayansa ta tafi. Masu bincike a Japan sun nuna a 2021 cewa wanda ke ɗauke da ita yana bin irin ƙyallin da haske ke yi a kan ruwa mai zurfi.

Akwai abin da yake ƙi? Yana koyo daga kuskure?

Yana koyo. A wani gwaji na 1984, May Berenbaum da Eugene Miliczky sun ba shi wasu ƙwari masu launin ja da baƙi da suka ci 'ya'yan wata shuka mai guba. Ya cafka, ya gatsa, ya yar, wasu har da amai. Bayan 'yan gwaje-gwaje sai ya daina kai wa irin wannan launi hannu, ko da an ba shi waɗanda ba su ci gubar ba. An kuma ga nau'in nan na ƙasar Sin idan ya kama tsutsar wani malam-buɗe-littafi da ke cin irin wannan shuka, yakan farke ta ya bar hanjin ya zube ƙasa, ya ci sauran.

Yana jin motsin ƙwari da kunne?

Yana da kunne, guda ɗaya tak, a wani ɗan kwari da ke ƙasan ƙirjinsa kusa da ƙafafun baya. David Yager da Ronald Hoy ne suka gano shi a 1986. Amma ba na farauta ba ne, na tsira ne. Kunne ɗaya ba ya nuna daga ina sauti ya fito, kuma sautin da ya fi ji shi ne siririn kukan da jemage ke yi yana laluben ƙwari cikin duhu, wanda kunnen mutum ba ya kamawa. Mazan ne suka fi tashi da dare suna bin ƙamshin mace, su ne kuma kunnensu ya fi kaifi. Da namiji ya ji kukan ya matso sai ya miƙe hannuwan nan na cafka gaba, ya ɗaga ciki sama, ya karkata ya sulmiyo ƙasa yana juyi, jemagen ya wuce ta inda yake a da.